Sojan da Ya Yi Yunƙurin Kashe Kansa a Lokacin Yaƙi: Me Dokar Sojin Amurka Ta Ce?

Kundin dokokin sojin Amurka, wanda ya fara aiki a 1951, bai ware yunƙurin kashe kai a matsayin laifi mai zaman kansa ba. Abin da ya haramta shi ne soja ya yi ciwon ƙarya ko ya ji wa kansa rauni da gangan domin ya zille wa aiki. Wannan shi ne sashe na 83, wanda kafin 2019 ake kira sashe na 115. Hukuncin raunata kai yana iya kai wa ɗaurin shekara 5, idan kuwa a lokacin yaƙi ne sai ya koma shekara 10, haɗe da korar wulaƙanci da asarar albashi.

Maganar duka ta rataya ne a kan niyya, kuma nan ne gizo ke saƙa, domin raunin wanda ke gudun fagen daga da na wanda duniya ta yi wa ƙunci har ya yanke ƙauna iri ɗaya ne a ido. An daɗe ana gurfanar da wasu ƙarƙashin sashe na 134, bisa zargin ɓata ɗa'ar runduna ko zubar mata da mutunci. A 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta sojoji ta soke irin wannan hukunci a kan wani ƙaramin soja da ya yi yunƙurin a Okinawa ta Japan, saboda ba a tabbatar da cewa abin da ya yi ya cutar da rundunar ba. Littafin jagorar kotunan soja ma ya bayyana cewa bai kamata a tuhumi wanda ya yi yunƙurin da gaske ba, sai dai kwamanda ne ke tantancewa bayan ya duba lafiyar sojan da halin da yake ciki. A ganina wannan nauyi ya fi ƙarfin mutumin da ba likita ba.

Lamarin ba ƙarami ba ne: a 2012 sojojin Amurka 349 suka kashe kansu, fiye da sojojinta da suka mutu a yaƙin Afghanistan a shekarar. Mai tsoron kotu ɓoye damuwarsa zai yi har ta ci ƙarfinsa. Dokar Brandon, da aka sa wa hannu a 2021, ta ba soja damar neman a duba lafiyar ƙwaƙwalwarsa ta hannun shugabansa ba tare da ya faɗi dalili ba, kuma wajibi ne a tura shi wurin likita ba da ɓata lokaci ba.