Ƙofofin ƙwayar halitta: yadda aka daɗe kafin a gan su

A Nima da Mamobi, nan Akara, gidaje da yawa akwai dattijon da ke haɗiyar amlodipine kullum saboda hawan jini, ko kakar da ke shan glibenclamide saboda ciwon sukari. Magungunan biyu aikinsu rufe ƙofa ne. Kowace ƙwayar halitta tana lulluɓe da tantani mai maiƙo wanda gishiri ba ya ratsawa, sai ta wasu ƙananan ƙofofin furotin da sodiyam, fotasiyam da kalsiyam ke bi. Da su zuciya ke bugawa, da su jijiya ke kai saƙo.

Tun ba a gan su ba aka san da zamansu. A 1952 Alan Hodgkin da Andrew Huxley a Ingila suka auna wutar da ke gudana a ƙatuwar jijiyar wata dabbar teku, suka nuna sodiyam da fotasiyam kowa da hanyarsa. A 1976 Erwin Neher da Bert Sakmann, Jamusawa, suka manna bakin siririn gilashi a jikin tantani, suka kama buɗewa da rufewar ƙofa guda tak. A 1984 ƙungiyar Shosaku Numa a Kyoto ta karanta jerin furotin ɗin ƙofar sodiyam daga wani kifi mai jan wuta kamar minjirya.

Hoton kuwa sai 1998, a hannun Roderick MacKinnon na Jami'ar Rockefeller da ke New York. Ƙofar fotasiyam ta fito gutsure huɗu iri ɗaya, sun jingina da juna kamar mazurari, rami a tsakiya. Abin da ya fi burge ni shi ne fotasiyam ya fi sodiyam girma, amma shi ke wucewa. Maƙogwaron ramin an jera masa oksijin daidai jikin fotasiyam, sai ya tuɓe rigarsa ta ruwa ya shige, sodiyam kuma wurin ya yi masa yawa, ba ya samun riƙo. MacKinnon ya karɓi kyautar Nobel a 2003.

Harhaɗawar ma da tsarinta. Ƙofar da glibenclamide ke rufewa, a ƙwayoyin da ke fitar da insulin, gutsure takwas ce: huɗu su yi rami, huɗu su yi gadi. A 1999 aka gano kowane gutsure na ɗauke da wata alama da ke tsare shi a cikin ƙwaya. Sai takwas ɗin sun haɗu sun rufe alamar juna kafin a sallame su zuwa tantani. Idan haɗin ya lalace, jariri na iya zuwa duniya da insulin fiye da kima, sukarinsa ya riƙa faɗuwa.

A 2013 David Julius da Yifan Cheng a San Francisco suka daskarar da furotin cikin ƙanƙara suka ɗauki hoton wata ƙofa mai suna TRPV1, ita ma gutsure huɗu. Ita ce ke buɗewa a harshenka idan mai wake da shinkafa ta cika maka shito, miyar nan mai barkono.