Waiwaye: Dalilin da linzami bai kori koren allo daga ɗakin menfirem ba

Tun da z/OS 3.1, sabon zubin babbar manhajar da ke tafiyar da manyan kwamfutocin IBM, ya fito a 2023, girka shi ya koma ta z/OSMF, manhajar da ake buɗewa a burauza ana danne-danne da linzamin kwamfuta, muhawarar ko linzami zai maye gurbin koren allon da ake rubuta umarni a kansa ta sake ɗaukar zafi tsakanin masu kula da manyan kwamfutocin nan da ake kira menfirem, waɗanda bankuna da kamfanonin jiragen sama da na inshora suka dogara da su. Matasan ma'aikata suna cewa dama an daɗe ana jira. Tsofaffin hannu kuwa cewa suke allon hotuna da maɓallai bai kai rabin aikin ba. Wanda ke sauraro daga nesa sai ya zaci gardamar tsoho da yaro ce da ta ɓullo jiya. Tushenta ya fi shekara talatin a ƙasa.

Farkon labarin sananne ne. IBM ta sanar da menfirem ɗinta System/360 ranar 7 ga Afrilu 1964, ana ba shi umarni da katin huji mai gurbi 80, shi ya sa har yau layin JCL, harshen da ake ba na'urar aiki da shi, bai wuce harafi 80 ba. A 1971 TSO, hanyar rubuta wa na'ura umarni kai tsaye, da allon 3270, wato koren allon nan, suka zo, daga baya manhajar ISPF ta kawo jerin zaɓi a kan allo. Macintosh ya fito a 1984, mutane suka saba da linzami, a 1991 har wani marubucin harkar kwamfuta ya yi hasashen za a kashe menfirem na ƙarshe ranar 15 ga Maris 1996. Ranar ta zo ta wuce, na'urorin suna kan aiki.

Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne abin da ya faru a ɗakin ma'aikatan dare cikin shekarun 1980. Na'urori sun ƙara sauri, ayyuka sun ninka, saƙonni suna gudu a allon ma'aikaci kamar ruwan famfo, ido ba ya iya bin su. Kowane saƙo yana da lambarsa. IEF403I na nufin aiki ya fara, IEF404I ya ƙare. Harafin ƙarshe ma magana yake yi: I sanarwa ce kawai, A a ɗauki mataki yanzu, D na'ura na jiran hukunci. Sai ma'aikata suka lura cewa abin da mutum ke yi da ido da yatsa, rubutaccen umarni zai iya yinsa, tunda lambobin ba sa canzawa. Aka fara tace saƙonni ana ɓoye marasa amfani. NetView, manhajar sa ido da sarrafa saƙonni, ya zo a 1986, harshen REXX da Mike Cowlishaw ya ƙirƙira a 1979 ya shiga TSO a 1988, sai kowace ma'aikata ta shiga rubuta nata: in ka ga wannan lamba ka tayar da wancan aiki, in an yi minti kaza ba amsa ka kira mai tsaron dare.

A ganina a nan hanya ta rabu. Daga wannan lokaci, sanin yadda ake tafiyar da na'ura ya tashi daga kan mutane ya koma cikin rubutu, kuma rubutun kowace ma'aikata daban yake da na maƙwabciyarta. Wani ya rubuta layi goma saboda matsalar da ta tashe shi ƙarfe uku na dare, wanda ya gaje shi ya ƙara biyar, shekaru suka yi ta tarawa a cikin PARMLIB, ma'ajiyar saitin tsarin, da ɗakunan ajiyar REXX da ƙa'idojin tsaro na manhajar RACF. Ba wanda ya yi laifi a nan, dabara ce mai kyau, ita ta sa mutum kaɗan ke riƙe da na'urar da miliyoyi ke amfani da ita. Sai dai duk wanda zai zana allon maɓallai daga baya, abin da kowa ya yi tarayya a kai kaɗai zai iya zanawa. Waɗannan layuka goma sha biyar ba su da maɓalli, kuma galibi a cikinsu aikin yake.

Rubutun kuma ya zo da wata ɗabi'a da danne-danne bai da ita. Kafin a taɓa na'urar banki, sai an rubuta canjin, wani ya karanta ya sa hannu, a gwada na jiya da na yau layi bayan layi, in abu ya lalace a mayar da tsohon. Yaya za ka miƙa wa abokin aikinka dannawa arba'in ya duba maka kafin ka yi su? Canza izinin mutum ɗaya da linzami abu ne mai daɗi, ban musa ba, kuma sabon ma'aikaci ya fi saurin fahimta a haka. Canza na mutum dubu biyu kuwa, ko mai ƙaunar linzami komawa yake ya rubuta umarni.

Yunƙurin da ya biyo baya duk da wannan gado ya yi ta karo. A shekarun 1990 an yi ta lulluɓe allon 3270 da tagogi masu launi, manhaja na karanta haruffan da ke ƙasa, da an gusar da gurbi ɗaya sai komai ya rikice. z/OSMF ya zo a 2009, ya kuma sauƙaƙa abubuwa da dama, musamman ayyukan girka manhaja masu matakai da yawa. Abin lura shi ne Zowe, tarin kayan aiki da menfirem da aka buɗe a 2018 don jawo matasa, cikin manyan kayansa har da layin rubuta umarni.

Akwai kuma sa'ar da aka fi buƙatar taimako. z/OSMF a kan z/OS ɗin kansa yake zaune, sai tsarin ya tashi, hanyar sadarwa ta tashi, sannan burauza ta samu abin buɗewa. Ranar da ake tayar da na'ura daga tushe, ma'aikaci zai danna hoto a HMC, allon da ake kunna na'urar daga gare shi, wannan kam da linzami ne. Daga nan sai ya buɗe tagar saƙonni, in saƙon IEA101A ya fito yana tambayar saitin da za a tashi da shi, ya ajiye linzamin ya rubuta amsa da hannunsa.