Waiwaye: Yadda ƙashin wani tsoho ya zama sunan igwa a Indiya

Tun bayan artabun kwana huɗu da Indiya ta yi da Pakistan a watan Mayun 2025, wata tsohuwar muhawara ta sake kunno kai a Indiya kan sunayen da ake raɗa wa makaman yaƙi. Garkuwar kakkaɓo makamai samfurin S-400 da suka sayo daga Rasha, Sudarshan Chakra suke kiranta, wato faifan da abin bautarsu Vishnu yake jifa da shi. Sun taɓa ƙera makami mai linzami suka sa masa Trishul, mashin abin bautarsu Shiva mai baki uku. Suna kuma da wata igwa mai tafiya kamar tankar yaƙi, sunanta Vajra. Masu suka na cewa ƙasar da tsarin mulkinta bai fifita wani addini ba, wadda ƙidayar 2011 ta nuna fiye da kashi 14 cikin ɗari na mutanenta Musulmi ne, bai dace ta jingina makamanta da akidar wasu ba. Masu karewa kuwa cewa suke gadon harshe ne da tarihi, su kuma nuna maƙwabciyarsu Pakistan mai makamai masu suna Ghauri da Ghaznavi, sarakunan da suka kawo wa Indiya yaƙi a da.

Kowa na magana kamar jiya abin ya soma. Amma idan aka bi sawun suna ɗaya kawai, Vajra, za a ga tafiyar ta yi nisa.

Asalin labarin sananne ne. A waƙoƙin Rigveda na addinin Hindu, waɗanda suka haura shekara dubu uku, wani ƙaton maciji mai suna Vritra ya tsare ruwa, ƙasa ta bushe. Maƙerin alloli Tvashtar ya ƙera wa Indra, sarkin alloli, makamin tsawa mai suna Vajra, Indra ya sari macijin, koguna suka ɓalle suna gudu kamar shanu masu kuka. Bahaushen da ya taɓa jin zancen gatarin aradu ba zai yi baƙunta da wannan hoto ba. Daga baya Mahabharata da littattafan Purana suka faɗaɗa labarin: babu makamin da zai kashe Vritra sai wanda aka ƙera da ƙashin wani tsoho mai gudun duniya, Dadhichi. Alloli suka je har bukkarsa suka roƙe shi, ya amince, ya saki ransa, aka kwashi ƙasusuwan aka kai maƙera. Ko bayan nasara Indra bai sha daɗi ba, domin alhakin kisan ya bi shi har ya gudu ya ɓuya a cikin karan bado. Mabiya Buddha su ma suka ɗauki alamar, tsinayenta suka lanƙwaso suka haɗu, ta zama ɗan abin ibada da ake riƙewa a hannun dama, ƙararrawa a hagu. Kalmar tana nufin tsawa, tana kuma nufin lu'ulu'u, abin da yake yanka amma ba a yanka shi.

Duk wannan a haikali ne da littafi. Wurin da Vajra ta fito ta shiga dandalin siyasa shi ne wanda da wuya ka ji an ambata, kuma a ganina nan ne bakin zaren.

Wata malamar makaranta 'yar asalin Ayalan, Margaret Noble, ta sauka a Kalkata a farkon 1898 bayan ta zama almajirar Swami Vivekananda, wani malamin addinin Hindu. Shi ya raɗa mata suna Nivedita, ma'ana wadda aka sadaukar. Ta buɗe makarantar 'yan mata a unguwar Bagbazar, cikin lunguna, a lokacin da iyaye da yawa ba sa barin 'ya'yansu mata su fita karatu. A 1904 ta ziyarci Bodh Gaya, inda mabiya Buddha suka yi imani a nan Buddha ya sami wayewa, ta ga alamar Vajra a can, abin ya tsaya mata a rai. Shekara ta zagayo Turawan mulkin mallaka suka raba lardin Bengal gida biyu, a watan Oktoban 1905, jama'a suka fusata, aka shiga ƙaurace wa kayan Ingila. Masu fafutuka na da waƙa, suna da taken da suke rerawa a titi, amma ba su da tuta guda da kowa ya yarda da ita.

Nivedita ta zana musu ɗaya. Da farko baƙar Vajra ta sa a kan jan ƙyalle, ta ga bai kwanta wa mutane ba, ta mayar da ita ruwan ɗorawa. Ɗalibanta mata suka zauna da allura da zare suka ɗinka, suka jera fitilu 108 a gefe, adadin da yake da tsarki a wurin Hindu, suka rubuta taken masu fafutukar, Bande Mataram, da baƙin Bengali. Aka baje tutar a wurin babban taron jam'iyyar Congress na Kalkata a watan Disambar 1906. Ina yawan tuna waɗannan yara, sun duƙufa a kan ƙyalle suna saƙa makamin allolinsu, alhali abin da malamarsu take so su gani a cikinsa shi ne tsohon da ya ba da ƙashinsa. Domin ta fayyace manufarta a wata maƙala da ta fito a mujallar Modern Review a 1909: mutumin da ya cire son kai daga zuciyarsa, shi ne Vajra. Ƙarfin al'umma, a tunaninta, daga masu sallama kansu yake fitowa, kuma tana ganin alama ce da Hindu da mabiya Buddha duka za su ce tasu ce.

Tutar ba ta karɓu ba. Nivedita ta rasu a 1911 a Darjeeling, garin da sunansa a harshen Tibet yake nufin wurin Vajra. Amma ta riga ta buɗe ƙofa. Abokinta masanin kimiyya Jagadish Chandra Bose ya sa alamar a matsayin tambarin cibiyar binciken da ya kafa a 1917. Abin lura shi ne, sai da ta rubuta maƙala guda kafin a fahimci abin da take nufi da zanen. Labari yana zuwa da gargaɗinsa, da tsohonsa, da alhakin da ya kori Indra. Alama a kan ƙyalle kuwa ita kaɗai take tafiya, wanda ya gani ya fassara yadda ya ga dama, kuma fassarar da ta fi sauƙi ita ce tsawa.

Duk da haka ma'anar farko ta ɗan ja zamani. Bayan 'yancin kai, da aka tashi ƙirƙiro lambar yabo mafi girma ta bajintar soja, Param Vir Chakra, wadda aka kafa ranar 26 ga Janairun 1950, wata mata ce kuma ta zana ta, Savitri Khanolkar, haifaffiyar Suwizalan da ta auri hafsan sojan Indiya. Ta sa Vajra huɗu kewaye da tambarin ƙasa, saboda Dadhichi. Mutum 21 kawai aka taɓa ba wa, 14 daga ciki bayan sun mutu. Cikinsu akwai Abdul Hamid, Musulmi, wanda ya faɗi a fagen daga a Asal Uttar a yaƙin 1965, da Albert Ekka, Kirista, a yaƙin 1971. Ƙashin tsohon Hindu aka miƙa wa iyalansu, kuma abin ya zauna daram, don ana maganar wanda ya ba da ransa ne.

Daga shekarun 1980, lokacin da aka jero Agni da Prithvi da Akash da Trishul da Nag a shirin makamai masu linzami, sunan ya tashi daga ƙirjin soja ya koma jikin ƙarfe. Igwar da ake kira Vajra yau ƙirar Koriya ta Kudu ce, can sunanta K9 Thunder, wato tsawa, kuma an girke wasu daga cikinsu a tsaunukan Ladakh, a kan iyaka da Sin.