Abin da gara, zanzaro da gansakuka ke ɗebowa daga ƙasa

A wajen wani zaman faɗakarwa da muka yi da mata a nan Tawa, wata dattijuwa mai sayar da soyayyen fara ta tare ni da tambaya. Ta ce, "Ɗiyata, ɗana ya dawo daga Arlit yana cewa ƙasar can tana da guba, kuma fara ƙasa yake bi. To mu da ke soya shi muna ba jikokinmu fa?" Na ce, "Inna, farar da kike saye daga gonakin Adar ba ta da wannan matsalar." Na ga hankalinta ya kwanta, amma tambayar tata ta fi ƙarfin amsa mai jimla ɗaya.

Kowace ƙasa a duniya tana da ɗan burɓushin sinadarai masu fitar da tururin nukiliya, irin su yuraniyom da radiyom, kuma da su aka halicce ta. Wannan ɗan kaɗan ɗin ba abin tayar da hankali ba ne. Damuwa tana farawa ne a inda aka tono dutsen aka niƙa shi aka tara dusarsa, kamar a Arlit, inda aka fara fitar da yuraniyom a 1971, da Akokan, inda mahaƙar Cominak ta yi aiki daga 1978 har aka rufe ta a Maris na 2021, ta bar tsibin tarkace da aka ƙiyasta ya kai tan miliyan 20. Radiyom ɗin da ke cikin irin wannan tarkace sai ya shekara 1,600 kafin rabin ƙarfinsa ya tafi.

Jikin mai rai ba ya bambance waɗannan sinadarai da abincinsa. Siziyom, wani sinadari da shi ma yakan fitar da tururin, yana kama da fotasiyom da tsiro ke buƙata, don haka tsiro ke zuƙarsa, dabba kuma ta ajiye shi a tsoka. Radiyom da sitirontiyom suna kama da kalsiyom, sinadarin da ke gina ƙashi, sai su zarce cikin ƙashi. Ta haka abin da ke kwance a ƙasa yake hawa ciyawa, daga ciyawa ya shiga cikin ƙwaro ko akuya.

Gansakuka da ɗan'uwanta da masana ke kira liken, wato ɓawon nan mai toka-toka da ke manne wa dutse ko bawon itace kamar makero, sun sha bamban da sauran tsirrai. Ba su da saiwa ta gaskiya, saboda haka mafi yawan abin da suke tarawa daga ƙura da raɓa da ruwan sama yake zuwa, sai ɗan abin da suka kankaro daga dutsen da suke zaune a kai, kuma da yake girmansu a hankali ne, suna riƙe shi shekara da shekaru. Bayan fashewar tashar nukiliya ta Carnobil da ke ƙasar Yukren a ranar 26 ga Afrilun 1986, ruwan sama ya sauke siziyom-137 a tsaunukan Norwe da Suwidin, liken ya shanye shi kamar soso, barewar da makiyayan ƙabilar Sami ta can ke kiwo kuwa liken ne abincinta a lokacin sanyi. Dole aka zubar da naman dabbobi dubun dubata. Duk makiyayin da ya taɓa rasa garke a shekarar fari ya san irin wannan ɗacin. Maganin da suka samu zai yi wa makiyayanmu na Abalak kama da na gida: suka riƙa ba dabbobin ciyawa mai tsabta kafin yanka, suka kuma zuba wani shuɗin sinadari mai kama siziyom a cikin kantun gishirin lasa. Siziyom-137 yana ɗaukar kusan shekara 30 kafin rabinsa ya gushe, shi ya sa aka shafe shekaru da dama ana auna naman kafin a sayar.

A ƙasarmu mai fari gansakuka ba ta da yawa, sai a bakin rijiya da gindin randa. Namu masu ɗebowar su ne ƙwari, kuma a ganina gara ce ta fi cancanta a sa mata ido. Tana haƙa zurfi neman laima, ta fito da laka daga ƙarƙashi ta gina suri, har masu neman zinariya da yuraniyom sukan ɗebi ƙasar suri su gwada don su san abin da ke ƙasa ba tare da tono ba. Zanzaro ma haka: a Hanford da ke Amurka, inda aka sarrafa sinadarin bam ɗin nukiliya, an sha samun gidajen zanzaro masu fitar da tururi, domin daga gurɓataccen taɓo ya ɗebo lakar gininsa. Shi zanzaron bai ƙirƙiro komai ba, abin da ya tarar ya kwaso.

Saboda haka abin tambaya a kullum shi ne daga ina abu ya fito. Tsakanin Tawa da Arlit akwai fiye da kilomita 600 ta hanyar mota, kuma babu dalilin da zai sa a daina cin fara ko shinge da aka kama a gonakinmu. A gaskiya ma, maganin feshin ƙwari ya fi zama barazana ga mai cin fara a nan. Amma ƴan'uwanmu da ke tafiya cin rani arewa, su ne nake so wannan bayani ya isa kunnensu. Kada a kama fara ko a yi kiwo a kusa da tsibin tarkacen mahaƙa. Kada a ɗebi ƙasar wurin ko duwatsunsa don yaɓe ko daɓe, kuma kada a sayi tsohon ƙarfe, bututu ko tankin da ya fito daga mahaƙa a kawo wa maƙeri ya yi tukunya ko a ajiye ruwan sha. Mata masu juna biyu da ke kwaɗayin ƙasar suri su daina, ko a nan gida ma, don tsutsar ciki da ƙarancin jini kaɗai sun isa dalili, balle a kusa da mahaƙa.

Wanki yana rage ƙurar da ke bayan abu, amma tafasawa da suya ba sa kashe tururin nukiliya yadda suke kashe ƙwayar cuta, kuma ba shi da wari ko ɗanɗano da za a gane shi. Sai da na'urar awo. Wanda ya riga ya kawo irin wannan ƙarfe gida, ya fitar da shi daga ɗakin kwana, ya ajiye shi nesa da yara da wurin girki, kada ya goge shi ko ya yanka shi, sannan ya sanar da likitan unguwarsu domin a kai maganar ga hukumar ARSN da ke Yamai, wadda aikinta ne sa ido kan irin waɗannan abubuwa.