Waiwaye: Gustaw Holoubek da wasan da ya tsorata gwamnatin Poland

Daren 30 ga Janairun 1968, gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da ke Warsaw ya cika maƙil. Kowa ya san daga ranar ba za a ƙara yin wasan "Dziady" ba, domin gwamnatin gurguzu ta ce a dakatar. Jarumin wasan shi ne Gustaw Holoubek.

Wasan tsoho ne. Marubucin Poland Adam Mickiewicz ya rubuta kashi na uku a 1832, kan zaluncin da sarkin Rasha ya yi wa ɗalibai. Amma a lokacin akalar Poland na hannun Mosko, don haka duk baitin da ya taɓa Rasha sai 'yan kallo su ɓarke da tafi. Mai kaza a aljihu kuwa ba ya jimirin as. Da aka tashi, ɗalibai suka yi jerin gwano zuwa gunkin Mickiewicz, 'yan sanda suka kama wasu. Ranar 8 ga Maris aka far wa ɗaliban Jami'ar Warsaw da kulake. Daraktan wasan, Kazimierz Dejmek, ya rasa kujerarsa, gwamnatin Gomułka, shugaban jam'iyyar gurguzu a lokacin, kuma ta juya laifin kan Yahudawa, har dubbai suka bar ƙasar.

A Kraków aka haifi Holoubek a 1923. Yana ɗan shekara 16 ya shiga yaƙin 1939, Jamusawa suka tsare shi. Ya gama makarantar wasan kwaikwayo a 1947. Abin da ya fito da shi muryarsa ce: ba ya hargowa, yana furta baiti a natse kamar yanzu tunanin ya zo masa.

Bai tsaya nesa da hukuma ba, gaskiya. Ya shugabanci gidan wasa na Dramatyczny daga 1972, ya kuma zauna a majalisar dokoki daga 1976. Abin da ya sa nake ganin girmansa shi ne, da aka kafa dokar soja a Disambar 1981, ya ajiye kujerar majalisar a 1982, lokacin da 'yan wasa ke ƙaurace wa talabijin ɗin gwamnati. A 1983 aka raba shi da Dramatyczny.

Ya dawo a matsayin sanata a 1989 ƙarƙashin Solidarność, ƙungiyar ƙwadagon da ta yi adawa da gwamnatin gurguzu. Yana jagorantar gidan wasa na Ateneum ya rasu, ranar 6 ga Maris 2008, aka binne shi a garinsu Kraków.