Sa ido kan zuciyar masu kansa da ake wa maganin garkuwar jiki

Wannan wani ɓangare ne na aikin likitocin kansa da na zuciya, inda ake bibiyar zuciyar mara lafiya tun kafin a fara masa maganin da ke zaburar da garkuwar jiki har bayan an gama. Magungunan nan ba su ne ke kashe ciwon ba, birki kawai suke cire wa ƙwayoyin T na cikin jini, wato sojojin garkuwar jiki, don su afka masa, to matsalar in an sake su wani lokacin sai su haɗa har da fata, hanji, hanta, huhu da zuciya. Na zuciyar bai cika faruwa ba amma duk cikinsu shi ya fi kisa, musamman kumburin tsokar zuciya.

Tarihi

Ɓeraye ne suka fara nuna alamar. A 1995 an ga ɓerayen da aka cire musu CTLA-4, ɗaya daga cikin birkunan ƙwayoyin T, suna mutuwa cikin 'yan makonni da kumburi a zuciya da sauran sassan jiki, sannan a 2001 tawagar Tasuku Honjo a Jami'ar Kyoto ta Japan ta nuna cewa waɗanda ba su da PD-1, wani birkin na daban, zuciyarsu na buɗewa ta yi rauni. Shi Honjo shi ya gano PD-1 ɗin tun 1992, kuma shi da James Allison na Amurka suka raba kyautar Nobel a 2018 kan aikinsu na cire birkunan nan don maganin kansa.

Amurka ta amince da ipilimumab, na farko cikin irin waɗannan magunguna, a 2011 don kansar fata mai suna melanoma, pembrolizumab da nivolumab suka biyo baya a 2014. A wancan lokacin galibin gwaje-gwajen maganin ba sa auna zuciya akai-akai, shi ya sa ake ganin alƙaluman farko sun yi ƙasa da gaskiya. Abin da ya farkar da likitoci shi ne rahoton 2016 daga Jami'ar Vanderbilt, mutum biyu masu melanoma da aka haɗa musu ipilimumab da nivolumab suka rasu da kumburin tsokar zuciya ba da jimawa ba bayan alluran farko. Rahoton ya ce kashi 0.27 cikin 100 na masu karɓar magani biyun ne ke kamuwa, masu nivolumab kaɗai kashi 0.06. Wani bincike na 2018 ya kai adadin wajen kashi 1, ya ce yawanci kusan kwana 34 da farawa abin ke bayyana. Bayanan Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar kuwa sun nuna kusan rabin waɗanda aka kai rahotonsu sun rasu, ko da yake masu tsanani aka fi kaiwa rahoto.

Alamomi

Haki, ciwon ƙirji, bugun zuciya ba daidai ba, kasala, suma. Wasu kuma babu komai sai a gwajin jini. Wanda ya fi tayar wa likitoci hankali shi ne in ya zo da ciwon tsokoki da faɗuwar fatar ido ko ganin abu bibbiyu, don nan tsokar numfashi ma tana iya tsayawa.

Gwaje-gwaje

Ƙa'idojin ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai na 2022 sun ce kowa a yi masa ECG, wato awon bugun zuciya da na'ura, da gwajin jini na toroponin da na BNP, sinadaran da ke hawa in zuciya ta samu matsala, kafin allurar farko, wanda ke da haɗari sosai a ƙara masa da hoton zuciya na eko. Wannan na farkon fa shi ne ginshiƙi, don in ba a san yadda mutum yake da ba to ba abin da za a kwatanta da shi. Daga nan ana so a maimaita ECG da toroponin kafin allura ta 2, ta 3 da ta 4, in lafiya lau sai a koma duk bayan allura uku. Toroponin da ake aunawa iri biyu ne, an fi son toroponin I a kan toroponin T saboda na T ɗin yana hawa ko da tsokar jiki ce kawai ta kumbura. Eko kam yana yaudara, kusan rabin masu ciwon ƙarfin bugunsu daidai yake fitowa, sai a tafi hoton MRI, in an rasa tabbas a ɗebo ɗan naman zuciyar a duba.

Magani

Ana dakatar da maganin nan take, a kwantar da mutum a sa masa na'urar bin bugun zuciya, a fara maganin kwantar da kumburi mai suna methylprednisolone ta jijiya miligiram 500 zuwa 1000 kullum na kwana 3 zuwa 5. In bai ji ba ana gwada wasu magungunan danne garkuwar jiki irin su mycophenolate, abatacept da ruxolitinib, ko kuma tace jini.

Saɓani

Ko auna kowa akai-akai yana rage mutuwa, da ko za a iya mayar da wanda ya warke kan maganin, har yanzu bakin masana bai zo ɗaya ba. In ciwon ya yi tsanani dai yawanci ba a komawa.