Waiwaye: Yadda Constance Baker Motley ta hau kujerar alƙalanci a New York

Kotunan tarayya na matakin farko a Amurka guda 94 ne, kuma hanya ɗaya ake bi a zama alƙali a cikinsu. Shugaban ƙasa ya zaɓi mutum, ya aika sunansa Majalisar Dattawa, kwamitin harkokin shari'a ya tantance shi, sannan zauren majalisa ya kaɗa ƙuri'a. A mafi yawan kotunan, wanda ya tsallake ya samu kujerar da zai zauna a kai har ƙarshen rayuwa, sai dai in shi ya ajiye ko majalisa ta tsige shi. Inda gizo ke saƙa shi ne wurin kwamitin, domin shugabansa ke da wuƙa da nama kan lokacin da za a duba suna.

A nan Constance Baker Motley, baƙar lauya mai kare haƙƙin baƙaƙen fata, ta maƙale a 1966. Shugaba Lyndon Johnson ya miƙa sunanta a watan Janairu, ba a tabbatar da ita ba sai 30 ga Agusta. Shugaban kwamitin, Sanata James Eastland na jihar Mississippi, ya fake da zargin cewa ta taɓa hulɗa da 'yan kwaminisanci. Amma ba sai an yi dogon bincike ba a gane tushen ƙiyayyar.

An haife ta a 1921 a New Haven, ita ce ta tara cikin 'ya'ya goma sha biyu. Iyayenta daga tsibirin Nevis suka zo, mahaifinta kuku ne a Jami'ar Yale. Kuɗin jami'a ya fi ƙarfin gidan, sai wani attajiri, Clarence Blakeslee, ya ji ta tana jawabi a taron unguwa, ya ɗauki nauyin karatunta. Ta gama karatun lauya a Columbia a 1946, a lokacin tuni tana aiki ƙarƙashin Thurgood Marshall a sashen shari'a na NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata ta Amurka.

Shekaru kusan ashirin ta yi tana zirga-zirga a kotunan kudancin ƙasar. Sau goma ta tsaya gaban Kotun Ƙoli, ta yi nasara sau tara. Ita ce lauyar James Meredith, baƙar fata na farko da ya shiga Jami'ar Mississippi a 1962, bayan tarzomar da ta ci ran mutum biyu har sai da aka turo sojoji. Jihar Eastland ke nan, kuma bai manta ba.

Da ta hau kujera a kotun tarayya ta gundumar kudancin New York, ta zama baƙar mace ta farko da ta zama alƙaliyar tarayya. Sai dai aikinta na baya bai daina zama sandar dukanta ba. A 1975 wata lauya ta kai ƙarar kamfanin lauyoyi na Sullivan & Cromwell kan nuna wa mata bambanci wajen ɗaukar aiki. Lauyoyin kamfanin suka nemi Motley ta janye, wai tunda mace ce kuma baƙa ba za ta yi adalci ba. Ta ƙi. Hujjarta ita ce, doka tana buƙatar a nuna son kai a kan ita wannan shari'ar, kuma in jinsi ko asali ya isa dalili, to babu alƙali ko ɗaya a kotun da zai iya sauraron ta, tunda kowa yana da nasa. Amsa ce mai nauyi, kuma har yau ana kafa hujja da ita idan aka nemi ture alƙali saboda asalinsa.

A 1978 ta yanke hukuncin cewa ba za a hana 'yar jarida Melissa Ludtke shiga ɗakin canza kaya na 'yan wasan ƙungiyar ƙwallon baseball ta Yankees don yin hira ba alhali ana barin takwarorinta maza. Ta shugabanci kotun daga 1982 zuwa 1986, daga nan ta koma sahun manyan alƙalai da ake rage wa yawan shari'u, ta ci gaba da zaman kotu har rasuwarta a watan Satumban 2005.